Ƙasa mai tasowa da buɗe kasuwa ga maƙwabta: ina ribar take?

Tambaya: "Malam, barka da aiki. Kullum muna jin shugabanni sun sa hannu kan yarjejeniyar ciniki da ƙasashen yankinsu, wai za a cire harajin kwastan, kaya su riƙa shiga da fita ba shinge. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ƙasar da masana'antunta ba su yi ƙwari ba, gwamnatinta kuma ta dogara da kuɗin kwastan, mece ce ribarta? Ba za ta zama jujin kayan maƙwabtan da suka fi ta ƙarfi ba?"

Malam, barka kadai. Tambayarka ɗaya ce a baki, amma abu uku ta ƙunsa: makomar masana'antun cikin gida, giɓin da zai shiga baitulmali, da kuma wanda zai kwashe kaso mai tsoka tsakanin babba da ƙarami. Tsoron da ka bayyana ba na banza ba ne, ya taɓa faruwa, har ya rusa ƙungiya sukutum. Duk da haka ina ganin ƙasa mai ƙaramar kasuwa ta fi asara in ta zauna ita kaɗai. Sai dai ribar ba a wurin bikin sa hannu ake rabonta ba. Tana cikin jadawalin haraji, da ƙa'idar asalin kaya, da abin da ke faruwa da tirela in ta isa kan iyaka, wato wuraren da ba a cika ɗaukar hoto ba.

Da farko a bambance matakan, don ana yawan cakuɗa su. A yankin ciniki maras shinge, ƙasashe suna cire wa junansu haraji, amma kowacce tana riƙe da nata harajin kan kayan ƙasashen waje. A haɗakar kwastan sai su ƙara da haraji na bai-ɗaya kan kayan waje, ma'ana kowace ƙasa ta sallama ikon sa harajinta ita kaɗai. Kasuwar bai-ɗaya ta haɗa da zirga-zirgar ma'aikata da jari, sannan can gaba a zo ga kuɗin bai-ɗaya. Turai ta sa hannu kan yarjejeniyar Rum a 1957, ta kammala haɗakar kwastan a 1968, kasuwar bai-ɗaya ta fara aiki a 1993, takardun yuro kuma ba su shiga hannun jama'a ba sai 2002. Shekara 45 ke nan, a ƙasashe masu arziki da ma'aikatu masu ƙarfi. Ta fuskar doka, ƙa'idar Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya ita ce rangwamen da ka yi wa ƙasa ɗaya ka yi wa kowa, amma sashe na 24 na GATT, wato babbar yarjejeniyar haraji da ciniki ta duniya, ya halatta irin wannan haɗin kai, wani ƙuduri na 1979 kuma ya ƙara sassauta wa ƙasashe masu tasowa in tsakaninsu suka ƙulla.

Lissafin farko: ciniki aka ƙirƙiro ko karkatar da shi aka yi?

Masanin tattalin arziki Jacob Viner ne ya fito da wannan bambancin a 1950, kuma har yau da shi ake fara awo. Ga misali da alƙaluman da na ƙaga don a gani. A ce buhun siminti ana yin sa a gida kan 130, maƙwabciya tana sayar da nata 110, wata ƙasa mai nisa kuma 100. In harajin kwastan kashi 40 cikin 100 ne, na nesa ya koma 140, na maƙwabciya 154, don haka na gida ake saye. Ranar da aka cire wa maƙwabciya haraji, nata ya sauko 110. Mai gini ya rage 20 a kowane buhu, gwamnati ba ta rasa komai ba tunda dā ma ba a shigo da simintin balle ta karɓi haraji. Wannan shi ne ƙirƙirar ciniki. Ƙasa ta ci riba, ko da yake kamfanin gida ya shiga uku.

Yanzu a mayar da harajin kashi 20. Na nesa ya zama 120, shi ya fi araha, shi ake saye, gwamnati tana samun 20 a kan kowane buhu. Aka cire wa maƙwabciya haraji, nata 110 ya kori na nesa. Mai saye ya rage 10, gwamnati ta rasa 20. Ƙasar da dā take biyan 100 ga waje yanzu 110 take biya, goman nan kuma ta tafi aljihun kamfanin maƙwabciya. Wannan shi ne karkatar da ciniki, kuma a takardun ƙididdiga zai fito a matsayin "bunƙasar ciniki tsakanin ƙasashen yanki", a yi ta tafi. Shi ya sa in aka ce mini ciniki tsakanin mambobi ya ninka, ba na murna sai na ga daga ina aka daina saye.

Ka lura da wanda ke cin moriyar karkatarwar: ƙasar da ta riga ta kafa masana'antu. Wanda ke biya kuma ita ce wadda ba ta da su. Ƙungiyar Gabashin Afirka ta farko, ta Kenya da Tanzaniya da Yuganda, an kafa ta a 1967 ta wargaje a 1977. Akwai siyasa a ciki, musamman tsamin dangantaka tsakanin shugaba Nyerere na Tanzaniya da Idi Amin na Yuganda, amma tun kafin nan Tanzaniya da Yuganda suna ƙorafin cewa masana'antu da ribar duk sun tattaru a Kenya. Sai a 2000 aka farfaɗo da ita.

Maganin wannan iri biyu ne. Na ɗaya, kada harajin da ake sa wa kayan waje ya yi tsawo a kan abin da maƙwabciya kaɗai ke ƙerawa, domin tsawonsa shi ne girman abin da za ta tatsa. Ƙaramar ƙasa da ke zaman tattauna harajin bai-ɗaya ta buɗe ido a nan, don babbar za ta so a ɗaga haraji kan duk abin da take yi. Na biyu, a rubuta diyya a cikin yarjejeniyar tun farko. A ƙungiyar Mercosur, wadda Birazil da Ajantina da Faragwai da Yurugwai suka kafa a 1991, an yi asusun gyara giɓi inda tun farko aka tsara Birazil ta zuba kashi 70 cikin 100, Faragwai kuma ta karɓi kusan rabin kuɗin don hanyoyi da layukan lantarki. A haɗakar kwastan ta Kudancin Afirka, wadda ta samo asali tun 1910, ana tara kuɗin kwastan wuri ɗaya a raba ta yadda ƙananan ke samun kaso mai kauri. Wannan ma da nasa ciwon: Lesoto da Eswatini sun dogara da kason har ta kai da ya faɗi bayan rikicin tattalin arzikin duniya na 2008, sai da kasafin kuɗinsu ya girgiza.

Masana'antun gida da kariyar da ba a gani a takarda

Kuskuren da na fi gani a jadawalin haraji shi ne kallon harajin kayan da aka gama ƙerawa kawai. Abin da ke kare mai masana'anta shi ne tazarar da ke tsakanin harajin abin da yake sayarwa da harajin abin da yake saye. A ce takalmi kuɗinsa 100 a kasuwar duniya, kayan haɗa shi da ake shigo da su 60, aikin da aka yi a gida 40. In harajin takalmi kashi 20 ne, na kayan haɗi kashi 5, zai sayar 120 ya sayi kayan haɗi 63, ya rage masa 57 maimakon 40. Kariyar da yake samu a zahiri ta haura kashi 42 cikin 100, ba 20 ba. To a cire harajin takalmin maƙwabciya a bar na kayan haɗi yadda yake. Farashi ya koma 100, kayan haɗi suna nan 63, ya rage masa 37. Gwamnatinsa da kanta ta ɗaure masa ƙafa ɗaya ta ce ya yi tsere. Masana'antu da yawa da ake cewa buɗe kasuwa ne ya kashe su, wannan jerin na baibai ne ya kashe su. Ƙa'idar ita ce a fara sauke harajin injuna da ɗanyen kaya da kayan gyara, sannan a bi da na kayan da aka gama, a hankali, bisa ranakun da aka sanar tun da wuri don mai zuba jari ya san abin da ke gabansa.

Yarjejeniyoyi da yawa suna ba da sarari don wannan. A yarjejeniyar ciniki ta nahiyar Afirka, wadda aka sa wa hannu a Kigali a Maris 2018 aka buɗe ciniki a ƙarƙashinta ranar 1 ga Janairu 2021, za a cire haraji kan kashi 90 cikin 100 na nau'ukan kaya cikin shekara 5, ƙasashe mafi ƙarancin ci gaba kuma shekara 10. Kashi 7 an ɗauke su kaya masu haɗari, wato waɗanda buɗe kasuwarsu da gaggawa zai iya cutar da masu yin su a gida, an ba su shekara 10 ko 13, kashi 3 kuma ana iya ware su gaba ɗaya. Ƙungiyar ASEAN ta ƙasashen kudu maso gabashin Asiya ma da ta ƙulla nata yankin ciniki a 1992, ta ba Biyetnam da Lawos da Myanmar da Kambodiya ƙarin lokaci da suka shigo daga baya. Amma a kula, kashi 90 na layukan jadawali ake nufi, kuma jadawalin kwastan yana da layuka sama da 5,000. Ƙasa tana iya buɗe dubban layukan da babu mai cinikinsu ta ɓoye 'yan kaɗan da su ne kasuwar. Don toshe wannan ƙofar aka ce kayan da aka ware kada su wuce kashi 10 cikin 100 na darajar abin da ƙasar ke shigowa da shi daga Afirka.

Wa za a sa a jerin masu haɗarin? A aikace wanda ya fi kusa da ofishin minista ne ke shiga. Abin da ya kamata a tambayi kowace masana'anta shi ne mutum nawa take ɗauka aiki, nawa ne tazarar farashinta da na abokin gasa, me ya jawo tazarar, kuma shekara nawa za a ɗauka a rufe ta. In tazarar daga ƙarancin kasuwa ce ko rashin gogewa, lokaci zai gyara. In daga tsofaffin injuna ne da bashi da rashin iya gudanarwa, wa'adi ba ya maganinta. Kenya ta samu izinin kare sukarinta daga na sauran ƙasashen COMESA, ƙungiyar kasuwar gabashi da kudancin Afirka, a farkon shekarun 2000, ta yi sama da shekara ashirin tana komawa neman ƙarin wa'adi, jama'arta kuma suna ta sayen sukari da tsada. Koriya ta Kudu ma ta kare masana'antunta sosai a shekarun 1960 da 1970, amma ta ɗaura tallafin da yawan abin da kamfani ya fitar waje, wanda ya gaza a janye masa. Sannan haraji mai tsawo a gefen maƙwabciya mai gajeren haraji gayyata ce ga 'yan fasa-ƙwauri. An gudu gara an faɗa gidan zago: babu kariya, babu kuɗin shiga.

Asalin kaya

Nan ne ainihin fagen fama, kuma nan ne 'yan jarida ba sa leƙawa. Tunda kayan maƙwabciya ne kawai aka yafe wa haraji, dole a san mene ne "kayan maƙwabciya". In ba haka ba sai ɗan kasuwa ya sauke kwantena daga wata nahiya a tashar ƙasar da harajinta ya fi sauƙi, ya sake kwali ya manna sabon tambari ya tsallako da ita kyauta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Hanyoyin tantancewa uku aka fi amfani da su: kayan ya zama gaba ɗaya a ƙasar aka same shi, kamar amfanin gona da ma'adinai; ko sarrafa shi ya sauya masa lamba a jadawalin kwastan, kamar auduga ta zama zare; ko darajar da aka ƙara a cikin yankin ta kai wani kaso. ECOWAS ta sa kashi 30 cikin 100, ASEAN ta sa 40.

In ƙa'idar ta yi sako-sako, tsoronka na zama juji ya tabbata, kuma ba ma kayan maƙwabta za a jibge ba, na nesa ne a rigar maƙwabta. In ta yi tsauri, ƙasar da ba ta da masaƙa ba za ta iya sayar da ɗinkakkun tufafi ba tunda yadin daga waje take sayowa. Wannan ja-in-ja ne ya sa shekaru bayan buɗe cinikin nahiyar Afirka ana ta tattauna ƙa'idar tufafi da motoci. Abin da ƙaramar ƙasa ya kamata ta dage a kai shi ne a yarda a tara daraja: audugar ƙasa ta farko, saƙar ta biyu, ɗinkin ta uku, duk a lissafa su na yanki. Ta haka ne mai ƙaramin ƙarfi ke samun gurbi a sarkar ƙira ba tare da ya gina komai da komai ba.

Akwai kuma tsadar takardar kanta. A tsarin ECOWAS sai kwamitin ƙasa ya amince da kamfani da kowane nau'in kayansa kafin ya ci moriyar rangwamen. In rangwamen kashi 5 ne, neman takardar shaidar asali kuma zai ci makonni da kuɗin zirga-zirga, ɗan kasuwa zai biya harajin ya huta. Wata matsalar ita ce shiga ƙungiyoyi barkatai, kowacce da ƙa'idarta. Ƙasa tana iya zama a yankin ciniki maras shinge fiye da ɗaya, amma ba za ta iya aiki da harajin bai-ɗaya iri biyu kan kaya ɗaya ba. Tanzaniya ta fice daga COMESA a 2000, ta ci gaba da zama a SADC, ƙungiyar ƙasashen kudancin Afirka, da Ƙungiyar Gabashin Afirka.

Giɓin baitulmali

Ƙasashe matalauta suna son harajin kwastan saboda sauƙin karɓa: ƙofa kaɗan, kaya a bayyane. Wani bincike da masana a Asusun Ba da Lamuni na Duniya suka fitar a 2005 ya gano cewa ƙasashe masu arziki sun mayar da abin da suka rasa ta wasu harajin, amma masu ƙaramin ƙarfi ba su mayar da fiye da kusan kashi 30 cikin 100 ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka a yi lissafin kafin a sa hannu. Ana ɗauko bayanan kwastan na shekara uku, layi-layi, a ware abin da ya fito daga ƙasashen yankin, a duba harajin da aka karɓa a zahiri ba wanda ke rubuce ba, sannan a ƙara da hasashen kayan da za su karkato daga waje. Sau da yawa asarar kai-tsaye ba ta kai yadda ake tsoro ba, saboda cinikin yanki ƙarami ne. A Afirka abin da aka rubuta bai wuce kimanin kashi 15 cikin 100 na cinikin nahiyar ba. Kuma harajin VAT da na kayan alatu ana ci gaba da karɓarsu a kan iyaka ko an cire na kwastan. Wurin da aka fi samun kuɗin cike giɓi shi ne takardun yafe haraji da ake raba wa 'yan lele. A rufe wannan ƙofar kafin a ɗaga wa talaka VAT.

Abin da ke jiran tirela

Ka tsaya a wata mashigar kan iyaka ka gani. Tireloli sun yi layi, direba ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motarsa kwana na huɗu. An buɗe kwantena a wannan gefen an ƙirga kaya an rufe, an matsa 'yan mitoci an sake buɗewa a ɗaya gefen. Jami'in tantance inganci ya ce bai san takardar gwajin ƙasar da kayan suka fito ba, sai an aika samfuri babban birni. Ofishi ɗaya ya tashi, ɗayan bai buɗe ba. Motar da za ta yi sawu uku a wata ta yi ɗaya, kuɗin mota da albashin direba da ruwan bashin banki duk suka hau kan sawun nan guda. Wannan ya fi harajin kashi 5 ko 10 ciwo nesa ba kusa ba, kuma cire haraji ba ya taɓa shi.

Gyaransa sananne ne: mashiga ta bai-ɗaya inda jami'an ƙasashen biyu ke duba kaya sau ɗaya, irin wadda aka buɗe a Chirundu tsakanin Zambiya da Zimbabuwe a 2009, takardar jingina ɗaya da za ta raka kayan da ke ratsa ƙasashe, amincewa da gwajin juna, da duba kaya gwargwadon haɗari maimakon buɗe kowace kwantena. Yarjejeniyar sauƙaƙa ciniki ta Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya, wadda ta fara aiki a Fabrairu 2017, ta bar ƙasashe masu tasowa su zaɓi abin da za su yi nan take, da wanda sai an ba su lokaci, da wanda sai an taimaka musu. Ga ƙananan 'yan kasuwa, waɗanda mata ne da yawansu, COMESA ta yi sassauƙan tsari na kayan da ba su wuce dala 2,000 ba. Ƙasar da ba ta da teku ita ta fi kowa cin ribar irin wannan gyaran, ko da ba ta da masana'anta ko ɗaya.

Canjin kuɗi ma yana iya shafe komai cikin dare ɗaya. Da Birazil ta saki kuɗinta ya faɗi a Janairu 1999 alhali Ajantina ta ɗaure nata da dala, kayan Birazil suka yi araha fiye da duk wani rangwamen haraji, aka shiga ramuwar gayya da takunkumi a cikin Mercosur. Siyasa haka: mashigar Gatuna tsakanin Ruwanda da Yuganda ta kasance a rufe daga 2019 zuwa farkon 2022, duk da ƙasashen biyu suna haɗakar kwastan ɗaya. Saboda haka a duba ko yarjejeniyar tana da sashen kariyar gaggawa mai ƙayyadadden wa'adi, da kotun da hukuncinta ke aiki. In babu su, ƙasar da ta ji matsi rufe iyaka za ta yi.

Iyakar abin da lissafi ke nunawa

Alƙaluman da ake yaɗawa na biliyoyin da za a samu daga kwamfuta suke fitowa, bisa zaton za a aiwatar da komai yadda aka rubuta, kuma wanda ya rasa aiki a masaƙa zai samu wani nan da nan. A zahiri ribar tana warwatsuwa kan miliyoyin masu saye, kowa ɗan kaɗan, asarar kuma tana taruwa a gari ɗaya kan mutanen da shekarunsu suka wuce koyon sabuwar sana'a. In ba a ware kuɗin horo da tallafin sauyin aiki ba, su ne za su biya wa kowa. Haka nan ƙasashen da duk ɗanyen kaya iri ɗaya suke fitarwa ba su da abin sayar wa juna da yawa a farko, kuma yarjejeniya ba ta kawo lantarki ko bashi mai sauƙin ruwa.

In kana son auna yarjejeniyar da ƙasarka ta shiga, nemi alƙaluma biyu daga hukumar kwastan. Na farko, cikin kayan da suka cancanci rangwame, kashi nawa ne suka shigo ko suka fita da takardar shaidar asali. Na biyu, awa nawa tirela ke yi daga isowarta mashiga zuwa sakinta, bana da kuma shekara uku da suka wuce.